Ɗalibai ne ko ma'aikata? Yadda kuɗi da kotuna suka sauya ƙwallon jami'o'in Amurka

A garin Ann Arbor na jihar Michigan akwai filin ƙwallon Amurka, wasa mai kama da zari-ruga, da ke cin mutum 107,601, wato ya fi Wembley na Landan mai cin 90,000. Filin na jami'a ne, masu buga wasa a cikinsa kuma ɗalibai ne 'yan shekara 18 zuwa 23, waɗanda ranar Litinin ake sa ran ganinsu a aji. Haka abin yake a garuruwa da dama na Amurka duk ranar Asabar, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba. Ana sayar da tikiti, gidajen talabijin na zuba biliyoyin daloli, koci na karɓar albashin da ya ninka na shugaban jami'ar sau da yawa. Amma har zuwa tsakiyar 2021, ɗan wasan da ake cika filin dominsa ba shi da izinin karɓar komai ban da tallafin karatu da ɗan abin kashewa.

Wannan ƙa'ida ta rushe. Tun ranar 1 ga Yulin 2025 jami'o'i ke biyan 'yan wasansu kuɗi kai tsaye. Cikin shekara biyar kacal an sauya dokar biyan kuɗi, da ta sauya sheƙa, da rukunan da jami'o'i ke ciki, da yadda ake fitar da zakara. Shi ya sa wanda ya buɗe sharhin share fagen wasannin mako, irin wanda magoya baya ke rubutawa kafin kowace Asabar, zai tarar rabinsa maganar kuɗi ce da shari'a. Sauye-sauyen kuwa a sarƙe suke da juna, kuma tushensu guda ne: gardamar ko wanda ke cikin filin ɗalibi ne ko ma'aikaci.

Wasan kansa

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 100. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In ta yi, a sake ba ta huɗu, in ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo maki 6 ne, sai ƙarin 1 ko 2 bayansa. Buga ƙwallo da ƙafa ta tsakanin sanduna maki 3 ne. Lokacin wasa minti 60 ne kashi huɗu, amma da tsaye-tsaye da tallace-tallace yakan wuce awa uku. Jagoran masu kai hari, wanda ake kira kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo ya raba, kuma shi ne ya fi kowa tsada a sabuwar kasuwar.

Kowace ƙungiya wasa 12 take yi a kaka. Wannan ƙarancin shi ke sa kowace Asabar ta yi nauyi, domin rashin nasara biyu ko uku kan iya kashe wa ƙungiya kaka gaba ɗaya.

Yadda jami'o'i suka zama gidan wasan

A jami'a aka haifi wasan. Ranar 6 ga Nuwamban 1869 Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4 a New Jersey, mutum 25 a kowane ɓangare, a wasan da ya fi kama da tamaula. Walter Camp na jami'ar Yale ne ya kawo yawancin ƙa'idojin da suka bambanta shi da zari-ruga a shekarun 1880. Gasar ƙwararru ta NFL sai a 1920 ta zo, lokacin jami'o'i sun riga sun yi shekara 50 suna tara jama'a.

Wasan farko-farko ya yi muni har ana mutuwa a fili. A 1905 Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, ya nemi a gyara. Daga wannan yunƙuri aka kafa ƙungiyar jami'o'i a 1906, wadda a 1910 ta koma NCAA. Yau tana da makarantu kusan 1,100 a matakai uku. Babban matakin ƙwallo, FBS, ya ƙunshi jami'o'i 136 a kakar 2025.

Abubuwa biyu suka ƙara ɗaure wa jami'o'i gindi. Ƙungiyoyin NFL ba su da makarantun rainon yara irin na kulob-kulob ɗin Turai, kuma dokarsu ta ce sai saurayi ya shekara uku da gama sakandare kafin a ɗauke shi. Saboda haka duk mai burin zama ƙwararre kusan dole ya bi ta jami'a. Na biyu, wata dokar watsa wasanni ta shekarun 1960 ta hana NFL nuna wasanninta a talabijin ranakun Juma'a da dare da Asabar a mafi yawan kakar, don kare wasannin sakandare da na jami'o'i. Asabar ta zama ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru.

Kalmar da aka gina tsarin a kanta

NCAA ta daɗe tana kafa hujja da cewa 'yan wasanta don sha'awa suke yi, ladarsu ita ce ilimi kyauta. Laƙabin “ɗalibi ɗan wasa” a shekarun 1950 aka yaɗa shi, zamanin Walter Byers, shugaban zartarwar ƙungiyar na farko. Byers da kansa ya amsa daga baya cewa an ƙirƙiro shi ne don kada kotuna su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon raunin da ya samu a kai a wasan wata kwaleji a Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana, bisa dalilin cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba.

An riƙa hukunta masu karya ƙa'idar da tsanani. A 1987 an dakatar da ƙungiyar jami'ar SMU kaka guda cur saboda biyan 'yan wasa a ɓoye. Reggie Bush na jami'ar USC, wanda ya ci kambun Heisman na gwarzon ɗan wasa a 2005, sai da ya mayar da shi a 2010 saboda alherin da iyalansa suka karɓa. A Afrilun 2024 aka dawo masa da kambun, domin ƙa'idar da aka kama shi da ita ta riga ta zama tarihi.

Shari'o'in da suka fasa katangar

Duk shari'o'in a kan doka ɗaya suka tsaya, dokar Sherman ta 1890, wadda ta hana masu gasa a kasuwa haɗa baki su ƙayyade farashi. Abin lura shi ne jami'o'i ne suka fara amfani da ita. NCAA ce ke riƙe da haƙƙin talabijin na kowa, tana ƙayyade sau nawa za a nuna kowace ƙungiya. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya da rinjayen alƙalai 7 da 2. Daga ranar kowane rukuni, wato gungun jami'o'in da ke gasa tare, ya samu damar sayar da wasanninsa da kansa, kuɗi suka fara kwarara, albashin masu horarwa ya tashi. A 2024 Georgia ta ba kocinta Kirby Smart kwantiragin dala miliyan 130 na shekara 10. A 2023 Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 na ragowar kwantiraginsa. Irin waɗannan alƙaluma su suka sa hujjar “don sha'awa” ta yi wuyar karewa a gaban alƙali.

Sai 'yan wasa suka ɗauki makamin da jami'o'i suka wasa. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na UCLA, ya ga siffarsa a wani wasan kwamfuta ba tare da an biya shi ba, ya kai ƙara a 2009. Mai shari'a Claudia Wilken ta yanke a 2014 cewa ƙa'idojin NCAA sun saɓa wa dokar. A Satumban 2019 gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ba 'yan wasan jihar damar yin talla, wasu jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu gwanaye. Ranar 21 ga Yunin 2021 Kotun Ƙoli, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston. Hukuncin ya taƙaita ne ga alherin da ya shafi karatu, amma Mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayanin cewa irin wannan tsari haramtacce ne a kusan kowace sana'a a Amurka. Kwana goma bayan haka NCAA ta janye haramcin talla.

Kuɗi iri biyu da ake yawan cakuɗawa

Na farko shi ne NIL, wato haƙƙin ɗan wasa a kan sunansa da hotonsa da siffarsa. Tun 1 ga Yulin 2021 yana iya yi wa kamfani talla, ya sayar da riguna, ya karɓi kuɗi a shafukan sada zumunta. A takarda, kuɗin daga waje suke zuwa, ba ruwan jami'a. A aikace, attajiran tsofaffin ɗalibai da magoya baya suka kafa asusai, suna tara kuɗi suna raba wa 'yan wasa da sunan talla, alhali kowa ya san ladar zuwa jami'arsu ce. Daraktan wasanni na Ohio State ya ce 'yan ƙwallonsu sun samu kimanin dala miliyan 20 ta wannan hanya gabanin kakar 2024, kakar da suka ci kofin ƙasa.

Na biyu shi ne rabon kuɗin shiga, wanda ya fito daga sasancin shari'ar House, mai ɗauke da sunan Grant House, ɗan ninƙaya na Arizona State. Mai shari'a Wilken ta amince da shi ranar 6 ga Yunin 2025. NCAA da manyan rukunai za su biya kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016 ba tare da damar samun kuɗi ba. Sannan kowace jami'a tana iya biyan 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin da zai riƙa ƙaruwa. Wannan kuɗi na dukkan wasanni ne, amma jami'o'i da dama sun ware kusan kashi 75 cikin 100 ga ƙwallo. Shiga tsarin zaɓi ne: rukunin Ivy, inda Harvard da Yale suke, ya ce ba ya yi.

Sasancin ya soke iyakar tallafin karatu 85 da ake da ita a ƙwallo, ya maye gurbinta da iyakar 'yan wasa 105 a ƙungiya. Ya kuma kafa sabuwar hukumar sa ido ƙarƙashin Bryan Seeley, da wani dandalin tantancewa da kamfanin Deloitte ke gudanarwa, inda dole a kai duk yarjejeniyar talla ta dala 600 zuwa sama a duba ko talla ce ta gaskiya ko albashi ne a fakaice. Nan ne ake ganin tsugune ba ta ƙare ba. Iyakar dala miliyan 20.5 ƙayyade albashi ne, kuma a NFL irin wannan ƙayyadewa tana halatta ne saboda ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta sa hannu a kai. 'Yan wasan jami'a ba su da ƙungiyar ƙwadago, don haka duk wanda bai gamsu ba yana iya komawa kotu da dokar Sherman.

Sauya sheƙa

A da, ɗan ƙwallon da ya bar jami'a zuwa wata sai ya zauna kaka guda ba wasa, alhali koci na iya tafiya yau ya kama aiki gobe. A Oktoban 2018 aka buɗe rumbun sauya sheƙa, rajistar intanet da ɗan wasa ke sa sunansa don sauran jami'o'i su neme shi. A 2021 aka yarda ya sauya sau ɗaya ba tare da zaman jira ba. A Disamban 2023 wani alƙalin tarayya a West Virginia ya dakatar da sauran takunkumin, a 2024 NCAA ta haƙura da shi gaba ɗaya.

Haɗuwar wannan da kuɗin talla ta haifar da kasuwar 'yan wasa wadda ba kuɗin saye, ba doguwar kwantiragi. A Turai kulob ɗin da ya raini yaro yana samun kuɗi in an saye shi. A nan ƙaramar jami'a takan gano yaro, ta horar da shi shekara biyu, babba ta ɗauke shi kyauta. A Afrilun 2025 kwatabak ɗin Tennessee, Nico Iamaleava, ya rabu da ƙungiyar ana tsakiyar atisayen bazara bayan saɓani da aka danganta da kuɗi, ya koma UCLA. A ɗaya gefen kuma, Caleb Williams da Jayden Daniels da Travis Hunter da Fernando Mendoza, waɗanda suka ci kambun Heisman daga 2022 zuwa 2025 a jere, duk a jami'a ta biyu suka ci shi.

Rukunan da sunayensu suka daina faɗar gaskiya

Babu hawa ko faɗuwa daga gasa kamar a Firimiya. Jami'o'i a rukunai suke, kuma asalin rukuni maƙwabtaka ce: jami'o'in yanki ɗaya da magoya baya za su iya zuwa wasa da mota. Talabijin ta sauya wannan. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai ta sama da dala biliyan 7 da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC, rukunin SEC kuma yana tare da tashar ESPN. Tazarar kuɗi tsakanin waɗannan biyu da sauran ta sa manyan jami'o'i suka fara ƙaura.

A 2024 Texas da Oklahoma suka shiga SEC, ya zama 16. USC da UCLA da Oregon da Washington suka shiga Big Ten, wanda sunansa ke nufin goma amma yanzu 18 ne. Big 12 na da 16. Rukunin ACC, mai sunan gaɓar tekun Atlantika, ya ɗauki Stanford da California na gaɓar Fasifik. Pac-12, wanda tushensa ya koma 1915, ya wayi gari da jami'o'i biyu kacal, Oregon State da Washington State, sai da suka shiga neman sababbin abokai. Tsakanin Los Angeles da Rutgers, waɗanda yanzu rukuninsu ɗaya, kusan kilomita 4,000 ne. Ɗan ƙwallo sau biyar ko shida yake tafiya a kaka, a jirgin shata. 'Yan wasan raga da na ƙwallon kwando, masu wasa a tsakiyar mako, su ne tafiyar ta fi ci wa lokacin karatu.

Fitar da zakara

Fiye da ƙarni guda wasan ya yi ba shi da wasan ƙarshe. Tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ke tattara ƙuri'un 'yan jarida ya jera ƙungiyoyi, masu horarwa ma suna da tasu ƙuri'ar. Wani lokaci zakaru biyu ake samu, kamar Michigan da Nebraska a 1997. Daga 1998 zuwa 2013 aka haɗa ƙuri'u da lissafin kwamfuta a zaɓi biyu su kara. Daga 2014 zuwa 2023 kwamitin mutum 13 ne ya riƙa zaɓar huɗu. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, har da wasan ƙarshe na rukuninta, amma kwamitin ya tsallake ta ya ɗauki Alabama mai rashin nasara ɗaya, yana mai cewa raunin da kwatabak ɗinta Jordan Travis ya samu ya rage mata ƙarfi.

Daga 2024 ƙungiyoyi 12 ke shiga sili-ɗaya-ƙwale. A kaka biyun farko, zakarun rukunai biyar mafi matsayi sun samu gurbi kai tsaye, kwamiti ya cike bakwai. Huɗu na sama suna hutawa a zagayen farko, sauran takwas su kara a filayen jami'o'i, sannan kwata-fainal da na kusa da ƙarshe a tsofaffin wasannin biki shida, ciki har da Rose Bowl da aka fara a 1902. ESPN ta sayi haƙƙin nunawa na shekara shida a kan dala biliyan 7.8.

Sakamakon farko ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Ohio State ta sha kashi sau biyu a 2024, har da 13 da 10 a gida a hannun Michigan, abin da a tsohon tsari ya isa ya rufe mata ƙofa. Ta shiga a matsayi na takwas, ta doke Notre Dame 34 da 23 a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025. Masu suka suka ce an rage wa wasannin kaka daraja. Masu goyon baya suka ce a fili aka tantance, ba a ɗakin taro ba. A kaka ta gaba Indiana, wadda ta shafe tarihinta a ƙasan teburi, ta ci kofin karon farko ƙarƙashin Curt Cignetti, kocin da ya zo daga James Madison da 'yan wasa da dama ta hanyar rumbun sauya sheƙa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Hujjar masu kare 'yan wasa ita ce ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan ƙwallon jami'a ke kaiwa NFL, don haka ga mafi yawansu shekarun jami'a ne kaɗai lokacin da gwanintarsu ke da farashi. Haɗarin kuma na gaske ne: wani binciken jami'ar Boston na 2017 ya sami cutar ƙwaƙwalwa mai nasaba da yawan bugun kai a 48 daga cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan ƙwallon jami'a 53, ko da yake iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo ne suka fi bayar da ƙwaƙwalen. Wasu a wannan ɓangare na ganin sasancin House bai isa ba, tunda a NFL 'yan wasa na samun kusan rabin kuɗin shiga, a nan kuwa an gina iyakar a kan kashi 22.

Shugabannin jami'o'i da NCAA na cewa ribar ƙwallo ita ke ɗaukar nauyin ninƙaya da guje-guje da kokawa da sauran wasannin da ba sa kawo kuɗi, waɗanda daga cikinsu Amurka ke samun yawancin 'yan Olamfik ɗinta. In aka mai da kowa ma'aikaci, a cewarsu, ƙananan makarantu za su rufe wasanni. Suna roƙon majalisar dokoki ta ba su kariya daga dokar Sherman, ta kuma ayyana cewa 'yan wasa ba ma'aikata ba ne. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umarni da ya karkata ga kare wasannin mata da na Olamfik, amma umarnin shugaba ba ya ɗaure hannun kotu kamar dokar majalisa.

Akwai masu horarwa irin su Nick Saban, wanda ya ci kofin ƙasa sau bakwai kafin ya yi ritaya a Janairun 2024, da ke cewa ba su ƙi a biya 'yan wasa ba, rashin ƙa'ida ne matsalar. Masu mayar musu da martani na tuna musu cewa koci ya daɗe yana da 'yancin da yanzu ake ƙorafin ɗan wasa ya samu. Hanyar ƙungiyar ƙwadago, wadda masana shari'a da dama ke ganin ita kaɗai za ta sa ƙa'idoji su tsaya a kotu, an gwada ta sau biyu ba ta kai ba: 'yan ƙwallon Northwestern a 2014 zuwa 2015, da 'yan kwandon Dartmouth da suka kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris na 2024, daga baya aka janye buƙatar.

Wanda abin zai shafa

Dala miliyan 20.5 sai an nemo ta. Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tikitin 2025, ta ce kuɗin biyan 'yan wasa ne. A makarantu da yawa, musamman matsakaita, ana cirar kuɗin wasanni daga kowane ɗalibi, ko yana kallon ƙwallo ko ba ya kallo. Ƙananan rukunai kuma na ƙorafin kashin dankali, domin ana yanke wani kaso na diyyar dala biliyan 2.8 daga rabonsu, alhali yawancin kuɗin 'yan wasan manyan rukunai za su karɓa.

Iyakar mutum 105 ta taɓa ɗaliban da ke shiga ƙungiya don kansu ba tare da tallafi ba, waɗanda ke sa wasu ƙungiyoyi su kai 120 ko fiye. Mai shari'a Wilken ta ƙi sa hannu sai da aka ba waɗanda ke ciki a lokacin kariya. Ga mata kuma akwai dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana wariyar jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kwanaki kaɗan bayan amincewa da sasancin, wasu 'yan wasa mata takwas suka ɗaukaka ƙara cewa rabon diyyar ya fifita maza.

Ɗaliban ƙasashen waje, ciki har da 'yan Afirka, suna cikin wani hali na daban. Jami'o'in Amurka sun daɗe suna zama tsani gare su: Christian Okoye ya bar Enugu zuwa Azusa Pacific don wasan jifa, ya koyi ƙwallo a can, ya fi kowa cin yadi da gudu a NFL a 1989. Ezekiel Ansah ya taso a Accra, ya fara ganin wasan a jami'ar BYU, aka ɗauke shi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na 2013. Amma bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da mai ita zai yi a cikin Amurka, kuma talla aiki ce. David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya girma a Aberdeen, ya yi fice a Michigan a 2021 amma bai iya cin moriyar NIL kamar abokan wasansa ba. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango mai buga kwando a Kentucky, sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas a 2022 ya samu damar yin tallace-tallacensa a wajen ƙasar. Duk iyalin da ɗansu ke neman tallafin karatu ta hanyar wasa yana buƙatar jin ta bakin ofishin ɗaliban waje na jami'ar kafin ya sa hannu a kowace yarjejeniyar kuɗi, domin karya sharaɗin biza na iya jawo kora.

Karanta sharhin mako

Lambar da ke gaban sunan ƙungiya, daga 1 zuwa 25, matsayinta ne a ƙuri'ar AP a farkon kaka. Daga Nuwamba jerin kwamiti ne ke da tasiri. Lamba mai alamar ragi, kamar -7, tazarar da 'yan caca ke hasashen babba za ta ci ƙarama da ita ce, kuma ta yawaita a sharhi tun 2018 da Kotun Ƙoli ta ba jihohi damar halatta cacar wasanni. Nasara shida ke ba ƙungiya damar wasan biki na ƙarshen shekara, shi ya sa ƙungiya mai nasara biyar ke ɗaukar wasanta na ƙarshe da zafi. Wasan da aka sa ƙarfe 12 na rana agogon New York, ƙarfe 5 na yamma ne a Kano da Yamai har farkon Nuwamba, daga nan ya koma 6.

Tambayoyin kacici-kacici da ke rufe irin wannan sharhi daga tsohon tarihin wasan ake ɗebo su. Georgia Tech ta ci Cumberland 222 da 0 a 1916, kocinta kuma John Heisman ne, wanda kambun ke ɗauke da sunansa. Archie Griffin na Ohio State ne kaɗai ya ci kambun sau biyu, 1974 da 1975. Illinois da Penn State sun yi ƙarin lokaci sau tara a 2021 kafin Illinois ta ci 20 da 18. Michigan da Minnesota na karawa a kan wani tulun ruwa da aka bari a fili a 1903, Minnesota da Wisconsin a kan gatari, Indiana da Purdue a kan guga. Nebraska ta sayar da duk tikitin wasanninta na gida tun 1962.

Ƙaurar rukunai ta taɓa wannan gado ta fuska biyu. Hamayyar Oklahoma da Oklahoma State, wadda aka fara a 1904, ta tsaya bayan wasan 2023 saboda sun rabu rukuni. Texas da Texas A&M kuwa, waɗanda rabonsu da haɗuwa tun 2011, sun dawo fili a 2024 saboda SEC ta haɗa su. Michigan da Ohio State, masu karawa tun 1897, har yanzu suna haɗuwa a ƙarshen Nuwamba, sai dai a sabon tsari suna iya sake haɗuwa a wasan ƙarshe na rukuni mako guda bayan haka, su kuma haɗu karo na uku a sili-ɗaya-ƙwale.